Sauyin Yanayi da Karatun Yara: Ta Ina Mai Bincike Zai Kama?

Tambaya: Ni malamar firamare ce, ina digiri na biyu. Ina son rubuta kundina a kan yadda sauyin yanayi ke shafar karatun yara, amma fagen ya yi mini faɗi. Wane ɓangare ya fi buƙatar bincike?

Amsa: Malama, fara da ajiye abin da aka riga aka ƙirga, wato rufe makarantu. UNICEF ta ce a 2024 ɗalibai aƙalla miliyan 242 a ƙasashe 85 ne karatunsu ya katse saboda tsananin yanayi, zafi ne kuma kan gaba. Sudan ta Kudu ta sallami yara a watan Maris na shekarar saboda zafi, ambaliyar Pakistan ta 2022 kuwa ta lalata dubban makarantu. Wannan gona ta sha noma.

Inda aka bar fili shi ne ranar da makaranta take buɗe, malami yana gaban allo, amma zafi ya hana karatu shiga. Wani babban bincike a Amurka, da ya bi sakamakon ɗalibai kusan miliyan 10, ya gano cewa shekarar da zafi ya yi yawa maki kan sauka, sai dai a makarantun da ke da na'urar sanyaya ɗaki illar ba ta taka kara ta karya ba. To, ajin da ke ƙarƙashin rufin kwano, babu ko fanka, yara sun cika maƙil fa? Irin wannan aji ya fi buƙatar awo, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Ma'aunin zafi mai araha, rajistar aji da ɗan gwajin karatu na safe da na rana sun ishe ki farawa. Ki kula dai, yunwa da zazzaɓi ma suna rage fahimta, kada ki ɗora wa zafi laifin da ba nasa ba.

Sai batun waɗanda ba sa dawowa bayan fari ko ambaliya, musamman 'yan mata da yaran iyalan da suka yi ƙaura. Wannan yana buƙatar bin yara na shekaru, ya fi ƙarfin kundi ɗaya.

In kina son abin da hukumomi za su saurara, gwada magani: a shafa wa rufin aji ɗaya farin fenti, a bar na kusa da shi yadda yake, ki auna bambancin har ƙarshen zango.