Yaro mai shekara ɗaya da rabi bai da jiki, a ƙara masa madarar gwangwani?

Maman yaro, kin ce ɗanki siriri ne, ga ƙiriniya, yana kuma shan nono. Bayan shekara ɗaya ba ya buƙatar madarar gwangwani ta jarirai. Ci gaba da shayarwa har shekara 2, ki gyara abincinsa.

Matsalar galibi kunu ne mai tsinkewa, yana cika ciki babu ƙarfi. Ki dama shi da kauri, ki zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa ko cokali ɗaya na manja. Ki ba shi ƙwai, wake, hanta da zogale, sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa tsakani.

Madarar shanu tafasasshiya kada ta wuce kofi biyu a rana, don in ta yi yawa tana kashe cin abinci, ta jawo ƙarancin jini.

Ki duba katin awonsa. In nauyinsa ya tsaya, ko awon damtse bai kai santimita 12.5 ba, ki kai shi asibiti.