Amsar Tambaya: Yadda Ɗan Firamare Zai Bambance Tatsuniya da Karin Magana da Kacici-kacici

Wata malamar firamare daga unguwar Gwammaja a nan birnin Kano ta aiko da tambaya mai reshe biyu. Ta ce ɗalibanta 'yan aji huɗu sun haddace cewa adabi ya kasu gida uku, wato zube da waƙa da wasan kwaikwayo, amma da ta rubuta musu "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" a allo, sai da yawansu suka ce karin magana ne, alhali kuwa kacici-kacici ne. Tana neman ma'anar kalmar "zube", da kuma hanyar da za ta bi yaran su daina cakuɗa waɗannan abubuwa.

Malama, kalmar "zube" daga "zuba" ta samo asali. Abin da yake a zube shi ne wanda ba a auna ba, ba a ɗaure ba, kamar hatsin da aka juye a tabarma kafin mai awo ya sa masa kwano. Saboda haka manazarta suka kira maganar da take tafiya kara zube da wannan suna, domin a bambanta ta da waƙa, wadda ake aunawa a tsara ta baiti-baiti, kowane baiti da ɗangogensa, wato layukansa, ga kuma amsa-amo a ƙarshensu.

Sai dai a ganina, wannan rabo na gida uku bai kamata ya zama mafarin darasi ga yaro ɗan shekara tara ba. Yaron da ya tashi a gidan Hausawa ya zo makaranta da waɗannan nau'o'i a kunnensa, sunayensu ne kawai bai riƙe ba, kuma magabatanmu sun yi wa kusan kowanne alamar da ake gane shi da ita tun daga bakin ƙofa. Ki tsaya a gaban aji ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku", za ki ji sun amsa da "Ta zo mu ji ta" ba tare da kin koya musu ba. Idan aka kai ƙarshe aka ce "Ƙurunƙus", aka ƙara da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya", to mai bayarwa da kansa ya sanar cewa abin da ya faɗa ƙirƙira ce. Nan ne ya dace ki nuna musu bambancin tatsuniya da labarin Barbushe a kan dutsen Dala, ko zuwan Bagauda wanda ake danganta farkon sarautarsa da shekarar 999, domin waɗannan tarihin da aka gada ne, ba a buɗe su da "ga ta nan", ba a kuma jingina su ga Gizo da Ƙoƙi.

Game da ruɗanin da kika ambata, tambaya ɗaya za ki ɗora su a kai: shin maganar nan tana jiran amsa? Kacici-kacici ba ya cika sai an warware shi. Wanda ya ji "Baba na ɗaka, gemu na waje" dole ya ce wuta da hayaƙi, in kuwa ya kasa, sai ya ba da gari kafin a faɗa masa. Shi kuwa karin magana ba ya neman amsa daga kowa, hasali ma sau da yawa da shi ake rufe zance. "Kari" a nan shi ne ninki, irin wanda ake yi wa tufafi, wato magana ce mai faɗi aka ninke ta ta zama 'yar taƙaitacciya. Yawancinsu suna da ɓari biyu, shi ya sa in kika ce "Komai nisan jifa" kika yi shiru, yara za su ƙarasa da "ƙasa zai faɗo". A lura dai, ƙarasawa suka yi, ba warwarewa ba, kuma wannan bambanci ne da ya cancanci a daɗe a kansa har ya zauna musu.

Akwai wani wurin da 'yan Kano suka fi tuntuɓe, wato kirari. "Kano tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka" tana da zubi irin na karin magana, amma tana da mai ita. Duk maganar da aka keɓe wa wani gari ko sarki ko dabba domin a kambama shi, kirari ce.

Wasan kwaikwayo ma ba baƙonsu ba ne. Yaran da suke fita tashe daga goma ga watan azumi, suna shigar tsoho da gemun auduga da sanda, sun riga sun san abin da ake nufi da mutum ya ari halin wani ya nuna shi a aikace. Ki sa yara biyu su kwaikwayi mai saye da mai sayarwa a kasuwar Kurmi, sannan ki sa na uku ya ba da labarin abin da ya gani da bakinsa. Abin da yara biyun suka yi wasa ne, abin da na ukun ya yi kuwa zube ne, kuma da idonsu suka ga inda suka rabu.

Ƙagaggen labari na littafi shi ya kamata ya zo daga baya, domin shi ne ƙarami a cikinsu ta fuskar shekaru. Ya kafu sosai ne bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, kuma littattafan farko da suka fito daga gasar sun ɗebi abubuwa da yawa daga tatsuniya, don haka yaron da ya riga ya gane tatsuniya zai iya nuna miki sawunta a cikinsu idan kuka kai ga karanta su a aji biyar ko shida.