Amsoshin tambayoyinku: fistan ɗin tsere a rabin kuɗi, anya kuwa?

Wani ƙanena daga Aboabo ya rubuto yace yana da Subaru WRX, injin ya fara ƙwanƙwasa yana hayaƙi, yana so a sauke shi a sa masa fistan irin na tsere wanda ake kira fojd, kuma wani a Magazine, kasuwar kayan mota da garejoji ta Suame a Kumasi, ya nuna masa saiti a kwali sabo fil a rabin kuɗin da ya gani a intanet. Yana tambaya ko ya dace ya saya.

Ƙanena kar ka saya. Kayan da aka ƙera a Amurka, aka biya jirgi, aka biya kwastan a Tema ko a filin jirgi, ga dala yadda take wasa da sidi, sannan ya iso Suame ya fi can araha? Araha ba ta ado. Ni fa ba ƙin Magazine nake ba, akwai masu hannu a wurin da za su tayar da motar da Bature ya jefar, haka Abossey Okai in ka gangara Accra, amma jabu ya cika gari kuma yanzu masu yinsa sun iya kwali fiye da kamfanin kansa. Sunan Wiseco ko Mahle a jikin kwali ba shi ne shaida ba. Buɗe ka duba, na gaske yana zuwa da takardar da ta faɗi ratar da za a bari tsakanin fistan da silinda da ratar ringi, kuma akwai lamba a jikin kowane fistan da za ka iya bincikawa. Ka ɗauki huɗun ka kai wurin mai sikelin zinari, in nauyinsu ya sha bamban da giram da yawa toh ka mayar masa da kayansa. In mai shago ya ƙi yarda a auna, ya riga ya ba ka amsa.

Kuma abin da ya fi ɓata min rai, sai mutum ya zuba kuɗi a fistan ya zo kan ƙananan kaya ya fara tsumulmula. Fulogi na jabu mai sunan NGK, bakinsa ya narke ya faɗa cikin silinda, shikenan an gama da fistan ɗin da ka yi wata shida kana tara masa kuɗi. Na taɓa sayen filtar mai a wani shago da ba zan faɗi sunansa ba, da muka yanka ta takardar ciki ko ta littafin ɗan firamare ta fi ta kauri wallahi. Gasket, metal (wato beyarin da karanshaf ke juyawa a kansa), bel ɗin taimin, famfon mai, waɗannan su ne ke kashe inji, amma da yake ba a ɗaukar su hoto a sa a WhatsApp ba wanda ya damu da su.

Ko kayan na gaske ne ma, wa zai ɗaura? Injin Subaru fistan ɗinsa a kwance suke, biyu dama biyu hagu, kuma sai an raba bulok gida biyu kafin a kai ga karanshaf, ba kowane masta ya saba da shi ba komai tsufansa a aiki. Tambaye shi yana da maikromita ta auna kaurin ƙarfe daidai, yana da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri? In yace hannunsa ya san ɗauri, ka gaishe shi ka wuce. A fara auna silinda tukuna, awon ne zai faɗi ko za a yi boring, wato a faɗaɗa ramin silinda, a sa fistan mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50, daga nan ne ake sayen fistan, ba a saya sannan a zo ana neman ramin da zai shiga ba. Tunda kuma kace yana ƙwanƙwasa, wataƙila metal ya riga ya cinye, garin ƙarfen nan ya bi ko'ina, a wanke hanyoyin mai sosai a canza kular da ke sanyaya mai, in ba haka ba sabon metal ɗin ma ba zai yi nisa ba. In ka ƙara ƙarfin turbo dole a sake saita birenbos, wato kwamfutar injin, kuma fetur mai lamba 95 za ka riƙa sha, ba 91 ba. Ka lissafa wannan a kuɗin cefane kafin ka fara.

Wani daga Tafo yana tambaya ko zai iya sa turbo a Corolla ɗin da yake aikin Bolt da ita don ta riƙa tashi da sauri. Haba malam, tashi zuwa ina, a go-sulon Kejetia? Bar motar nan ta ciyar da yaranka.

Hajiya daga Asawase tace ɗanta yana waje, ya turo kuɗi an gyara injin motarsa da irin fistan ɗin nan, yanzu in an tayar da safe tana jin ƙara kaf-kaf, ta kasa barci tana tsoron an cuce su kuma amana ce a hannunta. Hajiya ki kwantar da hankalinki, Allah ya saka miki. Irin wannan fistan yana buɗewa da zafi fiye da na kamfani shi ya sa ake bar masa rata, da sanyi yakan yi ƴar ƙara, in inji ya ɗumama ta ɗauke. Ki sa a tayar a saurara minti biyar zuwa goma. In ta tafi ba komai. In kuwa tana ƙaruwa idan an taka, ko jar fitilar mai ta kama, a kashe nan take, kar ma a tuƙa ta zuwa gareji, a jawo ta. Kuma ki hana yaran gida yawon nuna ta, a bi ta a hankali a juye mai a canza filta bayan kamar kilomita 1,000.

Na ƙarshe, wani yace makanikensa ya cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, wai ta ƙasar sanyi ce. Ka koma ya mayar da ita yau. In mota na zafi a duba radiyeta da fanka da famfon ruwa, kuma a daina zuba mata ruwan leda.