Ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Trondheim

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a jami'ar NTNU da ke Trondheim a ƙasar Norwe, kuma ka ga hotunan ɗalibai suna tafiyar ƙarshen mako cikin dusar ƙanƙara zuwa wata bukka a daji, kana tambaya ko abin na irinmu ne, ko ganganci ne kawai. Ka je. Amma ka saurari abin da zan gaya maka tukuna.

Mutanen Norwe ba su da yawan magana a gari. Za ka yi wata guda kuna zama aji ɗaya da mutum, gaisuwa ba ta wuce ɗaga kai ba. A bukka ne bakinsu ke buɗewa, idan kun faskara itace tare, kun ci daga tukunya ɗaya. Abin a jininsu yake: ƙungiyar masu yawon duwatsu ta ƙasa, DNT, tun 1868 take, tana da bukkoki sama da 500, kuma dokar 1957 ta tabbatar wa kowa 'yancin ratsa daji ko da filin na wani ne. Ƙungiyar wasannin ɗalibai ta NTNUI ma tana da nata ƙananan bukkokin a dazuzzukan Trøndelag, yankin da Trondheim take. Ɗakin katako ne da murhun itace da kyandir, ba lantarki, ba famfo, masai yana waje. Ruwan sha daga rafi ake ɗebowa, ko a narka ƙanƙara a tukunya.

Kada ka auna sanyin nan da hunturun Kano. A tsaunukan cikin ƙasa yakan sauka digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili, iska kuma ta ƙara masa kaifi. Ga gajartar yini: a ƙarshen Disamba rana na fitowa a Trondheim wajen ƙarfe 10 na safe, ta faɗi wajen 2:30. Shi ya sa tocilar goshi ba ta barin jaka.

Auduga ka bar ta a gida, har singileti da safa. Tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya hutawa sai ta daskare a jikinka. Ulu ake sawa a jikin fata, a ɗora wata rigar ulun mai kauri, sannan rigar da ke tare iska da ruwa. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, in an tsaya ka ƙara riga nan take. Takalmi ya zama da sarari, domin matsattsen takalmi na hana jini zagayawa. Ba sai ka saya sababbi ba: akwai gwanjo a shagunan Fretex da shafin Finn, ɗalibai kuma suna samun aron jakar barci da kayan sulu (wato ski, dogayen falankan da ake ɗaura wa ƙafa a zame a kan ƙanƙara). Ka tambayi jagora tun kafin ka rubuta sunanka ko da ƙafa za a je ko da sulu, domin wanda bai taɓa hawa sulu ba, kilomita 5 da kaya a baya sai ta cinye masa yini.

Abin da ya fi damuna game da kai shi ne kunya. An rene mu a kan namiji ba ya raki, baƙo ba ya ƙorafi. A dutse wannan tarbiyya tana iya raba ka da yatsa. Su Turawa suna duba fuskokin juna, in sun ga farin tabo a hanci ko kumatu sun san sanyi ya fara cin naman wurin. A baƙar fata wannan alamar ba ta fitowa sosai, sai dai wurin ya yi toka-toka, kuma yawancinsu ba su saba ganinta a jikinmu ba. To, ba mai gane halin da kake ciki sai ka faɗa. Zafi a yatsu ba shi ne abin tsoro ba. Lokacin da zafin ya ɗauke, yatsa ya mutu ba ka jinsa, a nan ne za ka tsayar da tafiya. A cusa hannun a hammata, ƙafa kuma a cikin rigar abokin tafiya, kada a murza, kada a kanga a wuta. In ka ga wani yana tuntuɓe, harshensa ya yi nauyi, ko karkarwarsa ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, sanyi ya shiga cikin jikinsa ke nan, a kira lambar gaggawa ta asibiti, 113. Dokokin dutse tara na Norwe da aka yi wa gyara bayan mutane da yawa sun rasu a hutun Ista na 1967, ɗaya daga cikinsu cewa take a juya da wuri, juyawa ba abin kunya ba ne. Su da kansu suka rubuta, don haka ba wanda zai raina ka.

Haka batun abinci. Tsiran da suke gasawa galibi akwai naman alade, kuma da dare wasu za su fito da giya. Ka gaya wa mai sayen cefane tun ranar Laraba, za a yi tukunyar kifi ko ta wake ba tare da wani ya ɓata rai ba. Ka riƙe dabino da gyaɗa a aljihun ciki, da shayi a fulas.

Salla kuwa, Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa kusa da juna a wannan lokaci, sai ka tambayi malami hukuncin haɗa salla a tafiya kafin ka taso. Ruwan alwala ka ɗumama a murhu, ka yi ta a cikin ɗaki, ka goge jiki sarai kafin ka leƙa waje.

Ku duba yanayi a shafin Yr, haɗarin zaftarewar ƙanƙara kuma a shafin Varsom. Waya takan rasa sabis a can, sanyi kuma na shanye batir, don haka ka ajiye ta kusa da jiki, ka kuma sanar da Hajiya cewa ba za ta ji ka ba sai Lahadi da yamma. Kafin ku rufe bukkar za ku share, ku kwashe shararku, ku tara wa masu zuwa bayanku busasshen itace. Ka zaɓi tafiyar watan Maris ta zama ta farko, yini ya yi tsawo a lokacin.