Kuɗin ƙarin miya da mayonez: in daina karɓa, in mayar da kwanon yaji kan tebur?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ina da ɗan gidan abinci a Yamai, wajen kasuwar Wadata. Ina sayar da shinkafa da miya, shinkafa da wake, taliya da dambu. A da, yaji da albasa da mayonez duk a kan tebur suke, kowa ya ɗiba son ransa. Da kaya suka yi tsada sai na kwashe, na sa kuɗi: ƙarin miya sefa 100, cokalin mayonez sefa 50, robar zuba abinci sefa 50, leda sefa 25. Tun daga ranar ban huta ba. Wani har ya ce mini a gaban mutane rowa ta kama ni, wai haram nake ci. Mutanena sun fara komawa wurin maƙwabciyata da ke ba da komai kyauta. Yayata ta ce in mayar da kwanonin kan tebur, in dare ya yi in juye ragowar cikin bokiti, gobe in sake fito da ita, tunda barkono ba ya lalacewa, shi ne ma ke kashe cuta. Mayonez kuma in sirka da ruwa ya yi auki. Marayu huɗu ne a hannuna, da wannan sana'a nake riƙe su. Don Allah me zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya marayun nan, ya sa wa nema albarka.

Ki kwantar da hankalinki a kan maganar haram. Kayanki ne, da kuɗinki kika saya, kina da ikon ki yanka masa farashi. Sharaɗin ciniki shi ne yarda, mutum kuwa ba ya yarda da abin da bai sani ba. Idan ya san cokalin mayonez dala goma ne, wato sefa 50, kafin ya ce a sa masa, babu laifi a kanki ko kaɗan. Inda laifi ke shigowa shi ne a zuba masa ba a tambaye shi ba, sai ya wanke hannu ya zo biya a ce kuɗinsa ya ƙaru. Yawancin faɗan da nake gani a wuraren abinci daga nan yake tasowa, kuma a irin wannan mai saye ne ke da gaskiya. Ƙasar nan tana da dokar kare haƙƙin mai saye tun 2015, kuma sanar da shi abin da zai biya yana cikin haƙƙinsa. Ki samu allo, ki rubuta farashin kowane ƙari da manyan lambobi, ki rataye inda mai shigowa zai fara gani. Yarinyar da ke zuba abinci kuma ta riƙa faɗa da baki, don ba kowa ke karatu ba.

Tsadar da kike kuka da ita kowa ya san asalinta. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, hanyar Kwatano ta toshe, kaya da yawa suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma mai saye a kasuwar Katako ya san farashi bai koma inda yake ba. Ki yi wannan lissafin da kanki. A ce abin da kowane faranti ke ci na kyauta, yaji da albasa da ɗan mayonez, ya tashi miki sefa 15, kina kuma fitar da faranti 80 a rana. Sefa 1,200 ke nan kullum, 36,000 a wata, alhali albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan sefa 42,000 ne. Wanda ya kira ki marowaciya bai taɓa zama ya yi wannan lissafin ba.

Sai dai a ganina kin haɗa abubuwa biyu da bai kamata a haɗa ba. Busasshen yaji, gishiri, ƴar albasa da ruwan sha, mutanenmu a matsayin gyara suke kallonsu, kuma wanda aka hana gyara ji yake an raina shi. Waɗannan ki ƙirga kuɗinsu ki shigar cikin kuɗin faranti, ki daina ambatonsu. Ledar dala biyar ma ki bar ta, domin canjin 25 da ba ya samuwa ya fi ribarta jawo surutu. Amma ƙarin miya, nama, ƙwai, mayonez da roba, ki ci gaba da karɓa kanki tsaye. Wanda ya zo da kwanonsa daga gida kada ki karɓi kuɗin roba, za ki ga ya dawo gobe.

Yanzu maganar Yayarki, wadda ita ce ta tayar mini da hankali. Na san don tana ƙaunarki ta faɗa, amma kada ki yi. Wannan magana ta "barkono yana kashe cuta" babu wurin horon da zan je ban ji ta ba, daga masu tuwo har masu shayi da masu tsire, kuma wallahi ta gajiyar da ni.

Zafin barkono ba zafin wuta ba ne. Sinadarin da ke cikinsa, kafsaisin, jijiyoyin harshe yake taɓawa, su aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙuna. Ƙwayar cuta ba ta da harshe, ba ta da jijiya. Gaskiya ne a ɗakin bincike, idan aka tace sinadarin aka tara shi da yawa, yana rage haihuwar wasu ƙwayoyin, amma abin da ke cikin kwanon miyar tebur bai kai ko kusa ba. Ƙwayar salmonela tana yin watanni da ranta a cikin busasshen kayan yaji. A Amurka, tsakanin 2009 da 2010, mutum fiye da 270 suka kamu da ita, da aka bi diddigi sai aka tarar daga masoro da jan barkonon da aka barbaɗa wa nama ta fito. Barkonon da ake cewa magani ne, shi ya kawo cutar.

Ki tsaya wata rana ki kalli kwanon yajin nan mai mai da tumatir da albasa, daga azahar zuwa la'asar. Mai kabu-kabu ya sauko daga babur, ya ƙirga kuɗi, ya share gumi, ya ɗauki cokalin da ya riga ya sa a baki ya tsoma. Na kusa da shi bai jira cokali ba, yatsa ya sa. Wani ya yi atishawa. Uwa ta lakata ta ɗanɗana wa yaro, ta mayar da cokalin. Ƙuda ya taso daga kwata ya sauka a bakin kwanon, ƙurar titi ta rufe sama. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu masu lafiya garau yana ɗauke da ƙwayar istafilokokus a hanci ko a fata, bai sani ba. Duk wannan yana faruwa ne a zafin Afrilu da Mayu na Yamai, lokacin da awo ke wuce digiri 40. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, wasu suna ninkawa duk minti 20. Ƙwaya guda, cikin awa 6, tana iya haura 260,000. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje. Mu da ke cikin wannan zafin, awa biyun ma ta yi yawa.

To wannan kwanon ne Yaya ke cewa ki juye cikin bokiti. Kin ɗebo dattin tebur biyar kin haɗa wuri guda, kin zuba a kan sabo mai kyau, kin rufe, kin ba shi dare guda cikin ɗumi. Bokitin da kullum ana ƙara masa ba ya ƙarewa, saboda haka ba a wanke shi. Na sha ɗaga murfin irinsa in ga sama ja wur gwanin sha'awa, in tura ludayi ƙasa in ɗago wani abu mai yauƙi da kumfa wanda mai wurin kanta ba za ta iya faɗin ranar da aka yi shi ba.

Na san amsar da ke biyowa: "Ai zan tafasa da safe." Tafasa tana kashe ƙwayar, amma ba ta lalata gubar da istafilokokus ta riga ta zuba a ciki. Gubar tana jure wuta. Mutum ya ci, daga rabin awa zuwa awa 8 amai ya sarƙe shi. Haka ma shinkafar da ta kwana a waje, akwai ƙwayar da ke barin irin wannan guba a cikinta. Kuma kada ki dogara da hanci. Abinci yana iya cika da cuta bai yi wari ba, bai canza launi ba, balle wanda yaji da magi suka rufe ɗanɗanonsa. Lemon tsamin da wasu ke matsawa a kai ba ya gyara abin da ya riga ya ɓaci.

Mayonez kuwa, abin da ke kare na kwalba shi ne tsamin da aka auna aka sa masa a masana'anta. Kina sirka shi da ruwa kin karya wannan kariyar, kin kuma ƙara masa duk abin da ke cikin ruwan jarkar. Wanda ake kaɗawa a gida da ɗanyen ƙwai ya fi haɗari nesa ba kusa ba, kuma a garin da wuta ke ɗaukewa ta bar firigo da ɗumi, ban yarda mai sayar da abinci ta yi shi ba sam. Busasshen yaji ya fi sauƙi, amma shi ma ki lura da ƙuli-ƙuli da barkonon da kike dakawa, musamman da damina. Wanda ya yi fumfuna yana iya ɗaukar gubar aflatoksin mai lalata hanta, suya ba ta kawar da ita. Idan kika ga garin yaji ja fiye da kima da araha fiye da kima, ki wuce, ki sayi barkononki ki kai niƙa da kanki.

Abin da ke sa wannan ƙaryar ta ƙi mutuwa shi ne mai abinci ba ta ganin sakamakon. Wanda ya ci ya tafi gida, cikinsa ya ruɗe cikin dare, ba ya dawowa ya faɗa. Sai ya ce sanyi ne, ko shawara, ko an yi masa sammu. Gari na wayewa ya tari mai tallar magani a tire, ya sayi kafso biyu da suka sha rana ya haɗiya, ko ya bi mai lasifikar da ke cewa garinsa guda yana maganin taifot da basir da ciwon baya. Babba ya galabaita kwana biyu ya tashi. Yaron da aka ɗanɗana wa fa? Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 sun ce gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 a shekara, yana kashe 420,000, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Afirka ce ta fi kowa ɗaukar nauyin. Masu zagayen duba tsafta kuma, da yawansu takarda suke tambaya, su karɓi tara su wuce, ba su taɓa cewa a buɗe bokiti ba. Takarda ba ta hana zawo. Saboda haka babu mai tsaron cikin mutanen nan sai ke.

Hajiya, ki ji tsoron Allah a kan wannan fiye da surutun wancan mutumin. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce mai algus ba ya tare da shi. Karɓar dala goma a bayyane ciniki ne. Miƙa wa mutum ragowar bakin wasu da sunan sabo, ko ruwa da sunan mayonez, shi ne algus ɗin, ko da kyauta kika ba shi. Marayun da kike nema wa abinci, ɗan wani ma haka uwarsa ke ji da shi.

Ba na zargin maƙwabciyarki, wataƙila ta shigar da kuɗin cikin faranti, ko ta rage awo. Ke dai ga yadda za ki tafiyar da naki. Busasshen yaji ki zuba a kwalba mai ƙananan huji a murfi, ta yadda za a barbaɗa ba a sa hannu ba, ki ajiye kan tebur kyauta. Duk abin da ke da ruwa ko mai ya zauna a wurinki, a rufe, da cokalinsa na kansa, ke ko yarinyarki kaɗai ke zubawa. Miya ta zauna a kan wuta tana turiri. Yajin tumatir ki yi kaɗan da safe, ki sake wani da yamma, abin da ya je tebur ya dawo ki zubar. Mayonez ki sayi kwalbar da za ta ƙare da wuri, ko da babbar ta fi araha, ta zauna cikin firigo ko kula mai ƙanƙara. Ki kafa buta da sabulu a ƙofa, a zuba wa mutum ruwa, ki kawar da kwanon wanke hannu na tarayya.

Idan wani ya sake yi miki ƙorafi, kada ki ɗaga murya. Ki nuna masa allo, ki ce, "Malam, yaji kyauta ne, ga shi nan. Mayonez kuɗinsa dala goma, yanzu zan ɗebo maka daga cikin sanyi." Ki ba abin wata guda, kina rubuta cinikin kowace rana a littafi tare da abin da kika zubar. Idan zubarwar ta yi yawa, ki rage yawan abin da kike haɗawa da safe.