Amsa: Da wa zan fara sauraron hamonika a kiɗan blues?

Malam, tunda ka ce ka ji busar hamonika (ɗan ƙaramin abin busa mai jerin ramuka) a wata waƙar blues (salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka) ta burge ka, kana neman da wa za ka fara, ni dai shawarata ka fara da Little Walter, mai busa hamonika a birnin Chikago na Amurka, ka nemi waƙarsa "Juke" ta 1952. Babu murya a ciki, busa ce zalla, amma ta hau lamba ɗaya a jadawalin R&B (wani salon kiɗa mai alaƙa da blues) na mujallar Billboard a Amurka. Dabararsa ita ce ya haɗa hamonikar da ƙaramar makirfo a tafin hannu ya jona da amfilifaya, sai sautin ya fito da kauri da ɗan gurnani har ka rantse saksafon ne ake busawa, kuma har yau masu busa a Chikago da wajenta wannan salon suke bi.

Kafin shi akwai Sonny Boy Williamson na farko, "Good Morning, School Girl" ta 1937, shi ne ya fito da hamonika gaba a waƙa. Amma fa kar ka rikice, Sonny Boy biyu ne, na biyun shi ya yi "Help Me" a 1963. Samarin Ingila irin su ƙungiyar mawaƙa ta Rolling Stones sun koyi abubuwa da yawa daga faifan mutanen nan. Duk waƙoƙin nan suna YouTube, ka sa iyafis ka saurara.