Mangwarona ya shekara 6 bai yi fure ba, in buga masa ƙusa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi dashen mangwaro a bakin titi, mai sayarwar ya rantse min mai aure ne, wato an haɗa reshen irin mangwaron da ake kira Juli a kan gindin na ƙwallo. Yau shekara 6 sai ganye kawai. Maƙwabta sun ce in buga masa ƙusa ko in sassare jikinsa da gatari wai sai ya ji tsoro zai haihu. Wallahi har na fara tunanin sare shi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, ajiye gatarin nan tukuna. Mai aure na gaskiya a shekara 3 zuwa 4 yake fara 'ya'ya, na ƙwallo kuwa yakan kai 6 har 8. Ka duƙa ka duba gindin, in an yi auren za ka ga ɗan kumburi ko tabo inda aka haɗa. Wani lokacin ma auren an yi shi, sai tsiro ya fito daga ƙasan haɗin ba a cire ba, ya yi ƙarfi ya danne na saman, kai kana ta ban ruwa kana jiran Juli alhali uwar ƙwallon kake raino.

Maganar ƙusa kuwa ita ce ke ci min tuwo a ƙwarya, kusan kullum sai an kawo min ita. Bishiya ba ta jin tsoro! Abincin da ganye ya haɗa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, in ka sassare ɓawon ka tare hanya, shi ya sa wani lokaci za ka ga ta yi fure a shekarar sai a ce ai ga shi ya yi aiki, ba wanda zai dawo ya faɗa maka abin da ya biyo baya. Na sha ganin bishiyar da aka zagaye da sara, ƙaro na tsiyaya daga raunin, gara ta shiga, rassa suna bushewa daga sama ɗaya bayan ɗaya, bayan shekara biyu sai itacen girki. Mutum ya yi shekara 6 yana ɗaukar bokiti, mai ba da shawara a majalisa da ko zogale bai taɓa dasawa ba ya kashe masa ita a yini guda. Don Allah a daina.

Abin da ke sa mangwaro fure a ƙasarmu sanyin hunturu ne da bushewar ƙasa. In damina ta ɗauke ka janye ban ruwa har sai ka ga fure wajen Disamba zuwa Fabrairu, ka kuma daina zuba masa takin yuriya, ita ke ƙara ganyen. In ruwan wanki na kwarara gindinsa, ka karkatar da shi.

In kuma ka duba ba tabon aure, kar ka tumɓuke shi, saiwar shekara 6 dukiya ce. Nemi wanda ya iya aure, irin ma'aikatan NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, reshen Bagauda a jihar Kano, a rage rassan a aura Julin a kan sabbin tsiron.